Tif Ɗin Keke

Ranar da takardar jami'a ta zo
Baba na rumfarsa ta Ƙofar Marusa,
keke a kife, yana juya feda da hannun dama.
Na ce an ba ni kimiyyar lafiya da motsa jiki.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Rumasa'u,
shekara huɗu ana koya miki tsalle?
Kwaɗo ma bai biya kuɗin rajista ba."
'Yan rumfa suka bushe da dariya.
Ni ma na yi, don kada a ga idona.

Sai bas ɗin Batagarawa kullum da sassafe,
takalmin gudu a jaka, jaka a ƙarƙashin hijabi.
Na zaci fili ne kawai da usur.
Ashe allo ne, da ƙashi ɗari biyu da shida,
kowanne da suna mai karya harshe.
Jarrabawar tsoka ta kayar da ni sau ɗaya,
na tashi na kakkaɓe.
Dokta Talatu ta ɗora mana yatsu biyu a wuyan hannu,
ta ce, "Ku yi shiru. Ku ƙirga.
Makaɗin nan tun kuna ciki yake kiɗa,
bai taɓa neman ku yi masa liƙi ba."

A shekarata ta uku, wata Talata,
sifana ta suɓuce daga hannun Baba
bai san ta faɗi ba.
Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi.
Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye.
Mai gashin ƙashi ya zana abin da za a riƙa yi a gida,
ya miƙo mini: "Ke kin san yaren."

Robar atisaye ta fi ƙarfin aljihunmu.
Na je rumfa na tsinci tsohon tif,
mai faci uku, facin Baba ne da kansa,
na yanka, na ɗaure a ginshiƙin rumfar tsakar gida.
Ja, Baba.
Ɗaya.
Ja.
Hannun da ya daidaita kekunan rabin unguwa
yana rawa kamar ganyen dalbejiya.
Ya yi tsaki. Ya juya mini ƙeya kwana biyu.
Rana ta uku na tarar da shi yana ja shi kaɗai.

Wake a kwano, ɗauko ɗaya-ɗaya.
Daga tabarma zuwa randa, taku bakwai.
Daga randa zuwa zaure, wata guda.
Daga zaure zuwa masallaci,
wannan sai da damina ta zo ta wuce.

Yanzu na gama.
Makarantar 'yan mata na neman malamar wasanni.
Wata ƙungiyar ƙwallo ta ce in kawo takarduna.
Amma bayan la'asar matan layinmu ke sallama,
mai ciwon suga, mai gwiwa, mai jego,
Inna Dije da ba ta iya sujada sai a kujera,
mu rufe ƙofa, mu shimfiɗa tabarmi, mu yi ta miƙa
har wata ta yi dariya ta ɓata ƙirga.
Ban yanke shawara ba tukuna.

Jiya na bi ta rumfa.
Yana ɗaure noti, a hankali, harshe a gefen baki,
yana gaya wa mai keke,
"Gwiwa ma giris take so, in ka ajiye ta sai tsatsa.
'Yata ce ta karanta."
Bai taɓa tayar da zancen kwaɗo ba,
ni ma ban tayar ba.
Da ya gan ni sai ya goge baƙin mai a wando,
ya miƙo wuyan hannunsa na dama
ya ce, "Ƙirga mu ji."